Cigiyar da Ta Ratsa Iskandariya

A kasuwar bakin teku ta Iskandariya, in ka ce Zoyilos ba wanda zai tambaye ka wanne. Akwai Zoyilos mai ɗinkin taru, akwai wani mai man zaitun, amma su sai an jingina musu sana'arsu ake gane su. Zoyilos tsurarsa, babu ƙari, mai shela ke nan. Gajere ne mai faffaɗan ƙirji, ga gwamen ƙafa, kai kuwa ƙwal tun yana saurayi. Ba zan yi muku ƙarya in ce kyakkyawa ne ba. Amma murya! In ya hau dutsen shela da ke tsakiyar kasuwa ya ja numfashi, masu kifi kan dakata da ciniki, matuƙan da ke can kan jirage su leƙo. Shekara arba'in da ɗoriya, duk abin da garin nan ya sani daga bakinsa ya fara jin sa: farashin alkama, ranar bikin gunki Sarafis, umarnin fada, jakin da ya ɓace, ɗan da ya ɓata.

Shi kansa ɓataccen ɗa ne.

A lokacin garin bai gama tsayawa da ƙafafunsa ba. Ana ta janyo duwatsu, ko harsashin hasumiyar Faros mai haska wa jirage hanya ba a aza ba. Mai shelar zamanin, Baba Harmon, shi ya tsince shi a bayan wani tulin katako kusa da inda jirage ke sauke baƙi. Yaron bai wuce shekara huɗu ba, yana kuka yana kiran wani abu da harshen da ba wanda ya taɓa ji. Aka kira mutumin Masar, aka kira na Sham, aka kira Bafarishe, kowa ya kasa kunne ya girgiza kai.

Harmon tsohon soja ne daga tsibirin Kirit. Ya bi rundunar Sarki Iskandar har can ƙarshen gabas, ya dawo da ido ɗaya da maƙogwaro mai ƙarfi. Ya saɓa yaron a kafaɗa ya shiga kasuwa yana cigiya. Ya yi yau, ya yi gobe, ya yi jibi, har muryarsa ta dushe. Ba wanda ya zo.

Al'adar garin kuwa kowa ya san ta: ɗan da aka tsinta, aka yi cigiya ba a samu mai shi ba, ya zama na wanda ya tsince shi, in ya ga dama ya riƙe shi bawa, in ya ga dama ya sayar. Mutane suka ce, "Tsoho, ka yi sa'a, ka samu mai ɗebo maka ruwa." Harmon ya ce, "Ruwa kam ina da hannun ɗauka. Wanda zai rufe mini idon nan guda ranar da na mutu, shi ne ba ni da shi." Ya kai yaron gida, ya raɗa masa suna Zoyilos, ya ce wa kowa ɗansa ne. Wanda duk ya kira shi tsintacce kuwa ya sha mari.

To, a wancan zamani kowane Bagirke da Girkancin garinsu ya zo. Na Atina daban, na Kirit daban, na Makidoniya kuwa sai ka ce mutum yana tauna tsakuwa. A sansanin yaƙi ne dole ta haɗa su, don in shugaba ya ce a juya dama ba a son rabin runduna ta juya hagu. Sai aka ɗauki na Atina aka sassaƙe masa kusurwoyi, sojoji suka riƙa ba da umarni da shi, suna sayen gurasa da shi, suna neman aure da shi a ƙasashen da suka ci. Shi ne muke kira koyine, wato na kowa. Harmon ya iya shi sarai, da shi yake zagin mai giya. Amma da zarar ya hau dutse sai ya koma Girkancin kakarsa na Kirit, wai shela abu ne mai daraja, ba a yin ta da harshen sayen albasa.

Zoyilos ya girma a gindin dutsen nan. Harshen uwarsa ya zube masa ƙaf, ko kalma ɗaya ba ta saura ba. Abin da ya rage masa kawai shi ne warin awaki da wani shuɗin mayafi, su ma ba zai rantse a kansu ba. Ran nan, gemu ya fara tsiro masa, yana tsaye cikin taro Harmon yana cigiyar wata tsohuwa da ta ɓata hanya, sai ya ji wata baƙuwa daga Sham ta taɓa na kusa da ita ta ce, "Me yake cewa?" Na kusa da itan, Bagirke ne fa haifaffe, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Oho. Ni ma ban kama ba."

Nan take wani tunani ya zo wa Zoyilos. Ashe mai yiwuwa ne uwarsa tana cikin irin wannan taro a ranar, tana nemansa kamar za ta haukace, ta ji wani tsoho yana ta ihu daga nesa, ba ta san ita ake kira ba. Ya je bayan rumfunan masu gishiri ya yi kuka mai isarsa. Bai taɓa gaya wa Harmon ba, har ranar da ya rufe masa idon nan guda. Yana son tsohon ƙwarai. Amma ya yi wa kansa alkawari, in dutsen nan ya zama nasa, ba wanda zai sake tambayar na kusa da shi me ake cewa.

Da dutsen ya zama nasa sai ya fito da wata ɗabi'a da aka daɗe ana yi mata dariya. Kowace irin shela aka ba shi, ko daga fada ta fito, ba ya hawa sai ya nemi wanda ya fi kowa zama baƙo a kasuwa, ɗan dakon da ya sauka shekaranjiya ko mai tallar da har yanzu da yatsa take ciniki. Ya durƙusa gabansa ya faɗa masa shelar a hankali, ya ce, "Maimaita." In baƙon ya yi tuntuɓe a wata kalma, Zoyilos ya cire ta ya sa wadda ta fi sauƙi. In ya manta ƙarshen, to ta yi tsawo, a datse. Sai baƙo ya iya mayar masa da ita daga farko har ƙarshe sannan ya hau dutse.

Ta haka ya samu mata. Tawus 'yar Masar ce daga can kudancin Nilu, ta zo da kwandon albasa da Girkancin da bai wuce "nawa" da "a'a" ba. Kullum sai ya zo ya gwada shelarsa a kanta. Rannan ta ce masa, "Kai mai sanƙo, kullum maimaita, maimaita. Ni aku ce? Ka sayi albasa ko ka tashi." Ya sayi albasa. Ya yi ta sayen albasa har ɗakinsa ya gagari shiga, sannan ya je neman aurenta. Bayan shekara biyu ya riƙa kukan cewa ya yi asara, wai matar ta lalace, Girkancinta ya yi yawa, ba ta da sauran amfani a wurin gwaji.

"Ai kai ka lalata ni," in ji Tawus. "Da can in na zage ka ba ka ji, yanzu kuwa ba abin da ke wuce ka."

Zoyilos yana da aboki, Malam Faniyas, mai koyar da 'ya'yan masu kuɗi karatu. Kakanninsa 'yan Atina ne, kuma ba ya bari ka manta. Mutumin kirki ne, sai dai kunnensa na ciwo in ya ji an ci zarafin harshe. Kusan kullum da yamma sukan zauna a rumfar Tawus da gasasshen kifi da zaitun, su ɗora daga inda suka tsaya jiya.

"Zoyilos, abin nan da kake kwararawa a kan dutse ba Girkanci ba ne," Faniyas kan ce. "Miyar wake ce, kowa ya zo wucewa ya jefa abin da ke hannunsa."

"Malam, miyar da gari duka ke ci ya ƙoshi? Na gode da yabo."

"Ba yabo ba ne! Da kakana ya ji yadda kake haɗiye ƙarshen kalmomi, da ya koma kabarinsa da kansa."

"Kakanka mutum nawa suka fahimce shi? 'Yan unguwarsu. Ni kuwa shekaranjiya wani fatake ya zo daga ƙasar da ke maƙwabtaka da ƙasar Hindu, tafiyar watanni, muka yi hira kamar tare muka tashi. Kuma je ka unguwar Yahudawa ka ji. Jikokinsu sun manta harshen kakanni, sai da aka juya musu littafinsu mai tsarki zuwa wannan miyar waken taka. Da ita suke roƙon Ubangijinsu yanzu. In ta isa a yi addu'a da ita, ta isa a yi cigiyar jaki."

"Ba za ta ɗore ba," in ji Faniyas. "Abin da aka haifa a kasuwa, a kasuwa zai mutu."

"To, mu dai zuba ido. Miƙo kifin nan, ka cinye wajen mai kyau kana ta surutu."

Haka shekaru suka yi ta gangarawa. Aka gama hasumiya, aka kunna mata wuta. Garin ya miƙe daga teku har ya taɓo tafkin Mariyut ta kudu, inda jiragen Nilu ke lodi. Yaran da Zoyilos ya saɓa a kafaɗa ya zaga da su har aka samu iyayensu, wasu sun yi furfura, sukan kawo masa ɓaure da zuma. Don shi cigiyar yaro ba a kan dutse take ƙarewa ba. Doka dai ta ce a yi daga dutse, amma shi sai ya bi titi titi, lungu lungu, har bakin tafki.

Sai wani sanyi ya zo da tari. Zoyilos ya kwanta, ya tashi, amma muryar ba ta tashi tare da shi ba. Tawus ta ba shi zuma da tafarnuwa, ta kai zakara ɗakin Sarafis, duk a banza. Abin da ya rage masa shi ne raɗa, sai ka kawo kunne kusa. Gwiwoyi ma suka ce ba su san zance ba. Sarkin kasuwa ya ba wani saurayi dutsen, Zoyilos ya koma zama a kan buhu a rumfar albasa, yana kallon wani yana aikinsa. Bai yi ƙorafi ba, amma kowa ya ga yadda ya rame.

Wata rana da hantsi sai ga Gorgos, dillalin bayi, ya ratso kasuwa riƙe da wuyan hannun wata 'yar yarinya. Shekarunta ba za su wuce huɗu ba. Ta yi kuka har ta gaji, sai ajiyar zuciya take yi. Wai ya tsince ta a bayan buhunan alkama. Gorgos ba ya karya doka, ya fi ƙarfin haka, shi ya sa ma ake tsoronsa. Kai tsaye ya kai ta gaban sarkin kasuwa. Aka yi mata magana da Girkanci, da harshen Masar, da na Sham, ta yi ta kallon bakinsu. Da ta buɗe nata bakin, ba wanda ya gane ko kalma.

Sarkin kasuwa ya ce, "A yi cigiya. In rana ta faɗi ba mai ita, taka ce."

Saurayin ya hau dutse ya yi abin da doka ta ce, da murya mai kyau kuwa, ya sauka ya tafi neman abinci. Waɗanda ke kusa suka ji, suka ce wayyo, suka koma cinikinsu. Gorgos ya samu inuwa ya zauna yana taunar aya, yarinyar a gefensa.

Zoyilos ya dafa kafaɗar Tawus ya miƙe. Ya ja ƙafa har wurinsu, ya durƙusa gaban yarinyar da ƙyar. Akwai jan zare ɗaure a hannunta, da ɗan tabo a haɓa, takalmanta kuwa na gashin akuya ne irin na mutanen duwatsu. Da ya matso sai warin takalman ya bugi hancinsa. Warin awakin nan ne da ya rage masa tun yarinta.

"Baba Zoyilos, kallo kyauta ne," in ji Gorgos, "amma in saye za ka yi, ka dawo gobe."

Zoyilos bai ko dube shi ba. Ya waiga ya hango wani ɗan dako daga ƙasar Nuba wanda bai yi wata guda a garin ba, ya yafito shi. Ya kama kunnensa ya raɗa masa. Mutumin ya yi tuntuɓe, Zoyilos ya sauya. Ya manta ƙarshe, Zoyilos ya datse. A karo na gaba ɗan dakon ya mayar da ita tsaf:

"Yarinya ta ɓata. Ƙarama ce. Jan zare a hannu, tabo a haɓa. Tana bakin teku, wurin masu albasa. Uwa, ki zo kafin rana ta faɗi."

Zoyilos ya gyaɗa kai. Ya nufi dutse. Mutum biyu suka tallafa masa ya hau, kasuwa ta fara yin shiru, don an daɗe ba a ga wannan sanƙon a can sama ba. Ya ja numfashi kamar yadda ya saba, ƙirjin nan ya cika, ya buɗe baki. Iska ce kawai ta fito. Ya sake gwadawa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, sai wani ɗan kuka kamar na ƙofar da ba a sa wa mai ba. Mutane suka sunkuyar da kai. Wallahi abin ba daɗin gani, ni da kaina na kau da ido. Wani marar kunya ya yi dariya, mai kifi ta ɗora masa wutsiyar kifi a ƙeya.

Ana cikin haka sai aka ji wata murya mai kaifi daga rumfar albasa. Tawus ce. Matar da shekara da shekaru take jin kunyar ɗaga murya da Girkanci a bainar jama'a don kada a yi wa lafazinta na Masar dariya, ga ta tsaye a kan kwando, hannaye a baki.

"Yarinya ta ɓata! Ƙarama ce! Jan zare a hannu, tabo a haɓa!" Ta kai ƙarshe, sannan ta juya ta dubi kasuwa ta ce, "Ku kuma me kuke kallo? Shekara arba'in yana yi muku ihu. Bakunanku na ci ne kawai? Wanda ya ji ya faɗa wa na gaba!"

Ɗan dakon Nuba ne ya fara karɓa, don ita ce magana mafi tsawo da ya iya da Girkanci, kuma yana alfahari da ita. Mai kifi ta karɓa. Wani Bayahude mai sayar da lilin ya fito ƙofar shagonsa ya jefa ta titi na gaba. Wani sojan Makidoniya ya ɗauka da tsakuwar bakinsa. Kowa da irin lafazinsa, wani ya ja ta, wani ya haɗiye rabin harafi, amma kalmomin ba su sauya ba, don ba abin da za a cire a cikinsu. Daga kan dutse Zoyilos yana jin ta tana nisa, ta yi gabas, ta yi yamma, ta shiga babban titin da ya nufi kudu.

Malam Faniyas ya iso yana haki, ya ji abin da ke faruwa tun daga makaranta. Ya ce, "Akwai mararraba wajen gidan wanka inda ba kowa sai masu kuɗi, su kuwa ba za su yi ihu ba. A can za ta mutu. Bari in je. Amma Zoyilos, wannan 'ki zo' ɗin, da a ce..."

"Malam," in ji Tawus daga kan kwando, "ka taɓa mini kalma ɗaya in fasa maka kai da albasa."

"To, to. Yau kaɗai." Ya tattare rigarsa ya ruga, tsoho da shi. Waɗanda suka gan shi sun ce ya tsaya a tsakiyar mararraba yana kwarara miyar wake da iya ƙarfinsa, iyayen ɗalibansa suna leƙowa ta taga baki buɗe.

Daga nan sai jira. Cigiyar ta yi nisa har ba a jin ta, kasuwa ta koma hayaniyarta. Zoyilos ya ƙi sauka. Ya zauna a kan dutsen, ya sa aka miƙo masa yarinyar. Gorgos bai hana ba, ya ce ai ba gudu za ta yi ba. Tawus ta ba ta gurasa da dabino, ta ci kaɗan ta jingina da ƙirjin tsohon. Rana ta raba, ta karkata. Inuwar rumfuna ta fara tsawo. Masu kifi suka fara wanke tebura amma ba wanda ya tafi gida.

"Baba, ka huta," in ji Gorgos. "Jirage nawa suka tashi tun safe? Iyayenta suna tsakiyar teku. Ba dukanta zan yi ba, gidan kirki zan kai ta."

Zoyilos ya ƙara rungume yarinyar. Idonsa na kan babban titin. Ya san wannan jiran, ya taɓa yin sa daga kan kafaɗar wani, kuma ya san yadda ya ƙare. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba tun yana yaro. Rana ta yi ja, ta sauko daf da ruwa. Gorgos ya miƙe ya karkaɗe rigarsa.

Mai lilin ne ya fara ɗaga hannu. "Ku yi shiru! Ku saurara!"

Daga can kudu wani abu yana tahowa, baki zuwa baki, kamar yadda ya tafi. Da fari gunaguni ne kawai. Sai ya matso, ya shigo titi, ya faɗo cikin kasuwa:

"Uwa ta ji! Tana zuwa! Ku riƙe yarinya!"

Kasuwa ta kaure. Daga baya ne aka ji yadda aka yi. Iyayen daga duwatsun Fisidiya suke, mahaifin yarinyar sabon soja ne da aka ɗauka, da safe aka sauke su aka kora su ƙetaren gari zuwa bakin tafki, inda jirgin Nilu zai kai su sansani. A cikin turmutsutsun ne yarinyar ta suɓuce. Uwar ta yini tana nema a unguwannin da ba nan ba, ba ta iya tambayar kowa, har matan sojoji suka janye ta zuwa jirgi tana turjewa. Ana shirin kwance igiya ne cigiyar ta iso bakin masu lodi. Girkancin matar duka duka abin da ta tsinta ne a cikin jirgi a hanya: yarinya, ja, hannu, uwa, zo. Su kuwa suka isa.

Gorgos ya nuna teku. "Ranka ya daɗe, dubi rana. Ta taɓa ruwa."

Sarkin kasuwa ya juya wa teku baya, ya harɗe hannu. "Ni ban gani ba. A kasuwar nan rana ba ta faɗuwa sai na ce ta faɗi."

Mutane suka dare biyu suka buɗe hanya. Sai ga ta. Mace ce siririya, ba takalmi, mayafi ya faɗi tun a hanya, ƙafafu duk jini, tana gudu tana faɗuwa tana tashi, wasu 'yan dako biyu na gaba suna nuna mata hanya. Yarinyar ta ƙwalla wata kalma guda, ta zame daga hannun Zoyilos. Ba wanda ya san harshen, ba kuma wanda ya nemi a fassara. Gorgos ya buɗe baki zai ce ina shaida, ya dubi fuskokin da ke kewaye da shi, ya rufe bakinsa ya kama hanya.

Da matar ta gama shinshinar 'yarta tana duba ta ko'ina, aka nuna mata tsohon da ke kan dutse. Ta zo ta durƙusa ta kama ƙafarsa. Ta yi ta neman abin faɗi a cikin ɗan abin da ta iya. Can ta dafa ƙirjinta ta ce, "Ni ji. Ni zo."

Zoyilos ya dafa kanta. Hawaye na zuba har gemu, bai share ba. Faniyas, da ya dawo muryarsa a dushe, ya tsaya gefe yana fyace hanci. Bai gyara mata ko harafi ba.

Aka raka su bakin tafki, don mai jirgin ma ya ji cigiyar ya ƙi tashi. Kasuwa ta watse. Tawus ta rufe albasarta, ta zo ta sauko da mijinta, ta ba shi kafaɗa suka kama hanyar gida a hankali.

"To, mai sanƙo," ta ce, "yau ka ji muryata. Wai na lalace, ba ni da amfani. Gobe ni zan karɓi dutsen, kai ka zauna ka sayar da albasa."

Bai yi dariya ba. A bakin babban titin ya tsaya, ya juya yana kallon inda matar ta ɓullo. Tawus ta ga leɓɓansa na motsi, ta kawo kunne.

"Tun ina kan kafaɗar Baba Harmon nake duban titin nan," ya raɗa. "Kullum na hau dutse sai na dube shi. Ina jiran wata mace ta fito da gudu."

Tawus ta ƙara riƙe shi.

"Yau ta zo," in ji Zoyilos. "Mu je gida."